Keken Labbo

Ɗauke mani galan ɗin nan, ɗan nan, tun bai ɓata mani tabarma ba. Baƙin man da kunka tsiyayo daga cikin babur, shi za ku ɗura wa injin fatsa mai naɗe igiyar kamun kifi? To, Allah shi kyauta. Kun sayo abu da tsada a Sakkwato, bai daɗe ba ya fara kuka, kun ce ai gyaransa ba wuya, mai ne kawai. Ni da na tsufa cikin aikin nan har idona ya daina ganin kunnen ƙugiya, ban taɓa jin mai sana'a ya ce mai ne kawai ba. Ku zauna. Ba zan taɓa injinku ba sai kun ji inda na koyi zaɓen mai, in ya so bayan nan ku tahi ku ɗura mashi abin da kunka ga dama.

Baffa Arzika, wan mahaifina, shi ya koya mani ƙira. Asalinmu Boɗinga, amma shi ya sauko Shagari ya kafa maƙerarsa a bakin gari ta wajen hanyar gulbi, don masunta su ne abokan cinikinsa. Ba ya ƙera garma, gatari ma sai maƙwabci ya matsa mashi. Ƙugiya da mashin kifi, su ne abincinmu. Ranar kasuwar Boɗinga mu ɗora wa jaki mu tahi, ranar ta Shagari mu baza a gida. Turawa ke mulki lokacin, amma ba mu cika ganinsu ba, sai dai mu ji an ce mota ta wuce. Na daɗe ina zuga kafin Baffa ya bar ni in riƙe masaba, kuma ko bayan ya bar ni, kullum cewa yake ƙira kowa ya zauna zai iya, ajiya ce sana'a.

Bari in gaya muku mece ce ajiya, tunda yanzu ba a yi. Masuntanmu manoma ne. Da damina ta sauka sarkin ruwa ya rufe gulbi don kifi ya hayayyafa, kowa sai ya koma gona. To mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi jere, in ka jefa ta ƙuryar ɗaki ka manta, kafin kaka tsatsa ta cinye ƙarfen, ɓera ya gama da igiyar. Shi ya sa kowane gida ke kawo kayansa maƙera. Mu jiƙa tsamiya mu tsoma ƙugiyoyin, mu goge su da rairayi ɗaya bayan ɗaya har yatsu su yi jini, mu shanya. Igiya kuwa ba ta son mai ko kaɗan, ruwan bagaruwa muke dafa mata. Sa'an nan a shafe ƙarfe, a naɗe, a rataye a rufin maƙera, kowa da wurinsa.

Ƙa'ida biyu ce ga ajiya, kuma ban ga wanda ya taka su ba. Ta farko, gidan mai kaya shi ke kawo mai. Maƙeri ba ya shafa wa kayan wani nasa man, don ranar da ka shafa naka ka sa hannu cikin mallakar kayan. Ta biyu, kayan ajiya ba sa taɓa ruwa sai mai su ya zo da ƙafarsa, ko ya aiko da baki. In kun ga an sauko da kayan mutum an miƙa wa ɗansa ba da bakinsa ba, to an riga an yi wa mai kayan addu'a, gado ake rabawa.

Wajen kawo man nan muke shan kallo. Akwai wani manomin albasa daga Dingyaɗi, mutumin kirki amma rowa ta yi mashi katutu, ya kawo mana man gyaɗan da matarsa ta gama tuya da shi. Baffa ya shinshina, ya tambaye shi ko ƙosai yake so a yi mashi da ƙugiyoyin. Man gyaɗa ko sabo ne, in ya kwana damina a jikin ƙarfe danƙo yake zama, ya kama ƙura, ya kira ɓera. Kitsen tunkiya ya fi shi kiran ɓera. Man ja cin ƙarfe yake a hankali, ka sauke kaya ka ishe sun yi zane-zane. Man zurma ba abin da ke cinsa, ko gara ba ta kusantarsa, amma masunta sun ce kifi na jin warinsa ya kauce. Man kaɗe shi ne namu, wanda fatake ke kawowa daga kudu a dunƙule. Shi ma ba haka nan ake shafa shi ba, don zafin ƙasar nan narkar da shi yake ya tsiyaye ya bar ƙarfe tsirara. Sai an narka shi da ɗan kakin zuma. In kaki ya yi yawa, sanyi na zuwa ya daskare ya tsage. In ya yi kaɗan, bazara ta kwashe shi. Baffa ba ya awo, da yatsa yake ji, ni ma da yatsa na koya.

Injin fatsa irin wanga naku, na fara ganinsa ne hannun kukun wani Bature mai duba hanya, wanda ya yi zango kusa da Shagari wani rani. Baturen na son fatsa da yamma. Injin nasa ya cije, kukun ya kawo shi naɗe cikin adiko, yana cewa in maigida ya gani aikinsa ya ƙare. Baffa ya gyara bakin wata tsohuwar wuƙa da magagari, ya kwance ƙusoshin, ya ɗaga murfin. Sai ga kiyashi na fitowa rututu, ga wari kamar ƙwaryar nonon da anka manta. Ashe bawan Allah gani ya yi abu mai daraja ne, ya ce ba zai sa mashi man banza ba, ya tari Fulani tun da safe ya sayi man shanu sabon kaɗi ya cusa mashi har wuya. Da nufin alheri ya yi, kuma da kuɗinsa. Baffa ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ni kuwa ban samu dariya ba, don ni anka ba wankin.

Munka wanke shi da kananzir ɗin fitilar kukun, munka baza ƙarafunan bisa fata. Baffa bai taɓa ganin irinsa ba, amma ya daɗe yana juya kowane ɗaya yana duba inda ya goge. Ya nuna mani ƙarafa biyu masu haƙora da ke cin juna, ya ce nan wahala take, mai kauri za a sa, kaɗe da kaki, kuma kaɗan, kada a cika. Ya nuna sandar tsakiya da zaren ke juyawa a kanta, ya ce wannan gudu take, in ka sa mata mai kauri ka ɗaure mata ƙafa. Ya aike ni wurin wata tsohuwa mai fasa ƙwallon aduwa na karɓo man aduwa, wanda yake tsinkakke kuma ba ya saurin tsami, ya ɗiga mata da gashin zabo. Akwai wata 'yar fata zagayayya a ciki, ya ce ita riƙo take yi in kifi ya ja, a bar ta yadda take. Da ya mayar ya murza, abin ya yi ta juyawa shi kaɗai. Kukun ya durƙusa yana godiya, ya bar mana gwangwani biyu babu komai ciki, munka ji daɗinsu ƙwarai.

Duk abin nan da ake yi, akwai mutum ɗaya tsugune bakin ƙofa ya saki baki. Labbo ke nan, abokina, masunci daga wata 'yar unguwa kusa da Lambara. Shekara ɗaya anka yi mana kaciya. Dogo ne, mai yawan dariya, kuma in abu ya shiga kansa ba ya fita. Shi ke raka Baturen guraben kifi, ya ga yadda ake tsayawa bisa tudu a jefa ƙugiya tsakiyar ruwa a jawo kifi ba tare da an jiƙa wando ba. Tun daga ranar ya hana ni sakat. In na tahi kasuwar Boɗinga yana bayan jakina, in na dawo yana bakin maƙera. Wai sai mun yi namu.

Munka yi. Rani guda ya ci mana, da faɗan Baffa kan gawayin da muke ƙonawa. Masassaƙi ya fafe mana gangar da igiya za ta naɗu daga icen ƙirya. Ni na ƙera sandar tsakiya, na zauna da magagari ina fitar da haƙora a jikin ƙarafa biyu, in sun ƙi cin juna in sake. Labbo ya yi mariƙi da ƙahon sa. Abin ya fito ƙato, ba ya hawa sanda irin na Bature, sai dai a kafa gwafa bakin ruwa a ɗaura shi. Ranar da ya ɗauko shi a ka zuwa gulbi, mata masu wanki sunka bar wankinsu sunka bi shi da dariya, suna tambaya ko ɗinki zai yi wa kifi. Nan sunan ya kama, keken Labbo. Akwai wani gurbi mai zurfi da muke kira Baƙin Ruwa, ba mai shiga saboda kada. Labbo ya kafa kekensa bisa gaɓa, ya ɗaura dutse ga igiya ya wurga. Kafin la'asar ya jawo wani kifi ramboshi da sai da mutum biyu sunka ɗauka. Matan nan dai su sunka riƙa yi mashi guɗa.

A kan kekensa Labbo ya fi mai jego tsirfa. Ba ya yarda zurma ta kusanci ƙugiyoyinsa. Man kaɗen kasuwa ma bai yarda da shi ba sai matarsa Hajo ta sake narka shi ta tace da tsumma, don ya ce fatake na haɗa shi da ƙasa. Man aduwa kuwa ita ke fasa ƙwallon da hannunta. In damina ta zo ya kawo ajiya, sai ya tsaya a kaina har in gama shafawa, yana cewa na cika nan, na rage can, kamar ba ni na ƙera abin ba. Mu yi ta musu har Baffa ya kore mu.

Lokacin yaƙin Turawa anka aiko kowane gari ya ba da mutane aikin kuza can Jos. Abin ya faɗo gidansu Labbo, ko shi ko ƙanensa Tunau. Tunau bai daɗe da tashi daga ciwo ba, sai Labbo ya ce shi zai tahi. Ruwa na buɗe lokacin, ba lokacin ajiya ba ne, amma ya ɗauko keken da igiyarsa ya kawo maƙera, ya rataye da kansa.

Ya ce, "Nomau, 'yan watanni anka ce. Kada ka bari Tunau shi taɓa shi, hannu nai nauyi gare shi. In na dawo akwai abin da za mu ƙara mashi, na yi tunani nai."

Na tambaye shi mene ne, ya ce sai ya dawo, in ya gaya mani yanzu zan ɓata. Ya ce kuma ya ji labarin wani gulbi can gabas da ba a hangen ƙetarensa, in ya samu hanya sai ya leƙa shi ya zo ya ba ni labari. Munka yi dariya, na raka shi har inda anka tara su. Ya bar Hajo da ɗa namiji guda, Mamman, wanda bai daɗe da fara bin awaki ba.

Watanni sunka cika, mutane sunka fara dawowa, ramammu, da yawa da tari. Labbo ba ya ciki. Wani ya ce ya baro shi kwance cikin bukka da zazzaɓi, sanyin duwatsun nan ya kama shi, bai ga alamar zai tashi ba. Wani kuma ya rantse Labbo ya warke, ya gudu tare da wasu mutum biyu da sunka ce su masuntan Binuwai ne. Babu wanda ya ga kabari, babu wanda ya kawo saƙo. Duk wanda ya san Labbo ya san maganar ta biyu ta yi kama da shi, ni kuwa ita na riƙe, don ita nake so.

Da damina ta sauka anka fara kawo ajiya, sai ga Hajo ta taso tun daga Lambara da ƙafa. Ta tsuguna waje, ba ta shigo ba, ta gaida Baffa ta gaishe ni, ta turo 'yar ƙwarya da dunƙulen kaɗe tatacce da ɗan tandu na man aduwa. Ta ce ga man mai kayan. Ba ta faɗin sunansa, kun san yadda matan da suke. Na sauko da keken, na kwance, na wanke, na shafe, tana zaune tana kallo daga nesa. Da na gama na murza mata ta ji, ta ce madalla, ta ɗauki ƙwaryarta ta koma.

Sai ga muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi, ya bushe tsaye. Kafin tsakiyar rani rumbuna sun zama wofi, mutane na tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. Tukunyar kaɗenmu da kaki sai da munka rataye ta sama, don yaran unguwa na lakata suna lasa. Gulbi ya tsinke ya koma tafkuna, anka kwashe kifin da hannu ke kaiwa, sauran duk ya taru a Baƙin Ruwa inda ba mai shiga. Ana ganinsu suna juyi da safe. Kowa ya san abu ɗaya ne a ƙasar nan ke kai ƙugiya tsakiyar gurbin, kuma yana rataye a rufinmu.

Tunau ya zo. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba, gida ya rage a wuyansa, ga tsohuwarsu, ga nasa 'ya'yan, ga Hajo da ɗanta. Ya ce a sauko da keken. Baffa ya tambaye shi ko Labbo ya aiko. Tunau ya ce wanda ke ƙasa ba ya aike, kowa ya sani, kunya ce kawai ta hana a faɗa. Ya ce za mu zauna muna shafa wa ƙarfe mai alhali yara na kwana da ruwan zafi. Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ba zai kashe mutum da hannunsa ba, amma akwai wadda maganar ta fi shafa, a tahi a tambaye ta. In ta ce mijinta ya rasu, a zo da liman a sauke kaya.

Hajo ba ta aiko da amsa ba. Kwanaki kaɗan bayan haka hadari ya fara haɗuwa, lokacin ajiya ya yi, ko da yake shekarar ba gidan da ya kawo mai, wa ke da shi? Sai ga ta. Wallahi da farko ban gane ta ba. Ta rame har zanen ya yi mata yawa, ƙafafunta sun yi faso suna jini saboda tafiya. Ta tsuguna inda ta saba, ta turo ƙwarya. Dunƙulen bai kai ƙwan zabo ba, amma tatacce ne, fari tas. Daga baya na ji surfe da daka ta yi ta yi a gidan wani mai hali a Shagari, ta karɓi rabin ladan da tsaba, rabi da kaɗe. Mace mai faso irin wannan, ga maganinsa cikin ƙwaryarta, ba ta lakata ba.

Na ce mata ta mayar ta sa wa yaro a miya, na bara bai gama bushewa ba, ko kuwa in shafa zurma bana kaɗai, tunda ba ruwa za shi ba.

Ta ce, "Mai kayan ba shi son zurma, kai ka sani. In ya zo ya ji wari, mi za ni ce mashi?"

Baffa ya dube ni ya ce in yi aikina. Na yi. Ban taɓa shafa mai da nauyin zuciya irin na ranar ba, kuma ban bar ko ɗigo ya faɗi ƙasa ba. Tunau kuwa, na fasa wata tsohuwar hauya tawa na ƙera mashi ƙugiyoyi, Baffa ya ba shi igiya, munka haɗa mashi mamari kyauta. Da shi da wasu sunka ɗaura gora sunka tura igiyar iyakar inda ta kai. Ba su samu irin na Labbo ba, amma sun samu na miya, gidan ya ga kaka. Tunau ya daɗe ba ya gaishe ni, daga baya munka shirya.

Shekaru sunka yi ta wucewa. Baffa ya rasu, maƙera ta dawo hannuna. Kowace damina Hajo na zuwa da ƙwaryarta. 'Yan uwanta sun yi ta ce mata ta kai magana gun alƙali a raba ta da jiran nan tun tana da sauran ƙuruciya, ta ƙi. Ni ma ban zauna ba. Duk mai kifi banda da ya zo daga Yawuri, duk ɗan cin rani da ya dawo daga gabas, sai na tare shi a kasuwar Boɗinga in tambaye shi ko ya ga wani dogon masunci mai yawan dariya, mai kamun kifi da keke. Har anka fara yi mani ba'a da shi. Wata shekara wani falke ya ce ya ga mai irin wannan a bakin Binuwai. Ban yi barcin kirki ba har ya sake komawa da saƙona. Da ya dawo ya ce ya same shi, Banufe ne, gajere, da cibiyar keken hawa ya haɗa nasa.

In aiki ya yi sauƙi nakan sauko da keken in zauna ina juya shi ina duba ko zan gano abin da Labbo ya ce za mu ƙara. Na yi tunanin 'yar fatar riƙo irin ta Bature, na yi tunanin ƙaramar ƙararrawa. Ban ƙara komai ba, don ba nawa ba ne. Kewarsa nake, ba na ɓoye muku. Tun da ya tahi ban sake samun wanda zai tsaya a kaina ya ce na cika mai ba, kowa sai dai ya ce madalla.

Wata damina, Mamman ya riga ya zama saurayi har gemu ya fara tsiro, Turawa kuma ana ta maganar za su tahi, na hango Hajo tana tahowa. Na tashi na shimfiɗa fata na sauko da keken tun kafin ta iso. Ta tsuguna, munka gaisa, ta tambayi iyali, na tambayi uwar mijinta ta ce ai ta kwanta dama tun bazara, na yi mata ta'aziyya. Ina jira ta turo ƙwarya. Sai na lura hannunta ba komai.

Ta ce, "Nomau, bana ban zo da mai ba."

Na ce ba komai, in kaɗe ya yi tsada ne a jira kasuwa mai zuwa, damina ba ta yi nisa ba. Ta ce ba tsada ba ce. Ta ce ta tahi gun alƙali da kanta, an kira waɗanda sunka dawo daga kuza an saurare su, an yanke. Yaron nan ya kai aure, ta ce, amma shi ba maraya ba, shi ba mai uba ba. Gonar ubansa ba a ba shi ba, kayan ubansa na rataye, duk inda ya nemi 'ya sai a tambaya wa zai tsaya mashi. Ta riƙe wa kanta miji shekarun nan, ashe ɗanta take tauyewa. Gobe za ta shiga takaba. In an buɗe ruwa in miƙa wa yaron kayan marigayi.

Kalmar nan ta ƙarshe ta buge ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce mata falke na nan zuwa bayan kaka, akwai garuruwan da bai kai ba. Na ce to a bar ni in shafa na bana, ina da kaɗe cike da tukunya, ba wanda zai sani.

Ta ce, "Kai ka fi ni sanin ƙa'ida. Ni na haƙura, Nomau. Saura kai."

Ta tashi ta tahi. Na mayar da keken rufi ba tare da na kwance ko ƙusa ɗaya ba. Daminar nan an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, maƙera ta yi yoyo, danshi ya kama komai, har masabata ta yi ja. Kullum ina ɗaga kai in dubi keken, ga tukunyar kaɗe kusa da ƙafata, ban taɓa shi ba.

Ranar da sarkin ruwa ya buɗe gulbi Mamman ya zo da Tunau da liman. Anka yi addu'a, na sauko da kayan na ɗora wa yaron a ka. Ya ce, Baba, ka zo ka gwada mani yadda ake kafa shi, ban taɓa ganin ana yi ba. Munka tahi Baƙin Ruwa. Na kafa mashi gwafa, na ɗaura keken, na gwada mashi yadda ubansa ke tsayawa, da yadda yake karkata kafaɗa in zai wurga. Da igiyar ta faɗa, mai ya taso daga jikin ƙugiyoyin ya bazu bisa ruwa. Na ce mashi ya murza.

Duk tsawon sana'ata ban taɓa fatan aikina ya ɓaci ba sai ran nan. Damina guda ba mai, ga yoyo, ga danshi. Na tsaya ina roƙon Allah a zuci ya sa haƙoran nan su cije, ko sandar ta yi kuka, in samu abin cewa a mayar da shi maƙera sai baɗi. Yaron ya kama ƙahon ya murza. Keken ya juya sumul, ko ƙara bai yi ba, igiya ta riƙa hawa tana naɗuwa. Mamman ya waiwayo yana dariya irin ta ubansa, ya ce, Baba, ai kamar jiya anka ajiye shi.

Na ce mashi haka ne, man innarka ne. Na bar su nan bakin ruwa na komo gida ni kaɗai.